Ƙanana a Suna, Ƙatti a Ma'auni

A watan Disamba na 1930 Wolfgang Pauli ya aika wasiƙa zuwa wani taron masana a garin Tübingen na Jamus. Ya ce lalle akwai wata ƙwaya marar caji da ke sulalewa da wani kaso na makamashi duk sa'ad da cibiyar wasu ƙwayoyin zarra ta sauya. Ya raɗa mata suna nutiron. A 1932 sai James Chadwick ya gano wata ƙwaya dabam a Ingila, mai nauyi, ita ma ba caji, sunan kuwa ya koma kanta. Ta Pauli ta zauna ba suna.

A birnin Rum aka raba gardama. A kunnen Ba'italiye kalmar neutrone tana ƙarewa da -one, wutsiyar da ke ƙara wa abu girma, kishiyarta kuma -ino, mai ƙanƙanta shi. Kyanwa gatto ce, ƙatuwarta gattone, 'yar ƙarama gattino. Edoardo Amaldi ya jefa neutrino cikin raha yana hira da Enrico Fermi, Fermi ya ɗauka ya kai ta tarukan masana. Mu a gaba muke sa ƙanƙantawa, da ɗan ko 'yar. Da a bakinmu aka haife ta, da ɗan ba-ruwana za a ce.

Sunan ya dace da mai shi, don nutirino ƙarama ce ƙwarai. Abin da ya biyo baya shi ne abin kallo: wutsiyar ta tsinke daga jikin kalmar ta shiga duniya ita kaɗai.

A tsakiyar shekarun 1970 Pierre Fayet, a Faransa, ya liƙa ta a jikin foton, ƙwayar haske, ya samu fotino. Ya liƙa ta a jikin guluwon, mai ɗaure cikin furoton, ya samu guluwino. Shi guluwon daga kalmar Turanci ta gam aka ciro shi, don haka guluwino kansa Bature ne, wutsiyarsa Ba'italiya. Daga nan aka samu wino da zino da bino da higsino da girabitino. Bahaushe na jin bino zai tuna dabino, alhali harafin B ne kurum aka sa wa jela.

A nan -ino ta bar ma'anar ƙarami. Yanzu tana nufin abokin tagwaitaka. Kafin a gane haka sai an tsaya kan kalmar da ta haifi tagwayen.

Turawa suna cewa supersymmetry. Rabin baya daga Girkanci yake: sun, wato tare, da metron, wato awo. Abubuwan da awonsu ya zo ɗaya. Larabawa suka zaɓi tanazur, daga tushen da ya ba mu nazari, abu biyu suna kallon juna. Girkawa awo suka gani, Larabawa kallo. Mu daidaito ne ya fi kusa, ko da yake masanin fiziya yana nufin abin da ya fi haka ƙunci: ka sauya wani abu, doka ta tsaya yadda take.

Me ake sauyawa a nan? Ƙwayoyin halitta gida biyu ne. Akwai 'yan gidan Fermi, irin su elektiron da kwak, waɗanda ake gina abu da su, juyinsu rabi. Akwai 'yan gidan Bose, masanin nan na Indiya, irin su foton, masu kai saƙo tsakanin ƙwayoyi, juyinsu cikakken adadi. Paul Dirac ne ya raɗa wa gidajen biyu suna. Sabon daidaiton cewa ya yi kowane ɗan gida yana da tagwai a ɗaya gidan.

Golfand da Likhtman suka fara rubuta shi a Mosko a 1971, Volkov da Akulov a Karkif a 1972. Julius Wess da Bruno Zumino suka zo da nasu a 1974, amma wani suna suka yi amfani da shi. Abdus Salam da John Strathdee ne suka sa sunan da ya zauna, a wannan shekarar. Super Latin ce, ma'anarta bisa, wato daidaiton da ke bisa sauran. Masu aikin sun gajarta shi zuwa SUSY, mai amo kamar sunan mace, kuma da Susi zan ci gaba da kiransa.

Tagwan 'yan gidan Bose su ne masu -ino. Tagwan 'yan gidan Fermi harafin s ake sa musu a goshi: selektiron, sikwak. Da yawa suna zaton s ɗin na super ne. A'a, na scalar ne, ƙwayar da ba ta da juyi ko kaɗan, kalmar kuma daga scala take, tsani a Latin. Kwak mafi nauyi sunansa top, wato ƙoli, tagwansa ya zama stop, wanda duk mai tuƙa mota ya san shi a allon bakin titi.

Mu sai jariri ya kwana bakwai a duniya ake yanka rago a raɗa masa suna. Waɗannan an raɗa musu tun babu tabbacin cikin, kuma har yau ba a ji kukan ko ɗaya ba.

Tun farko an san daidaiton ba cikakke ba ne. Da cikakke ne, da nauyin selektiron ya zo daidai da na elektiron, da kuma an gan shi tuntuni. Don haka aka ce karyayyen daidaito ne: tagwayen suna nan, amma sun fi 'yan'uwansu nauyi. Nawa ne nauyin? Wannan tambayar ita ce ta ci shekara 40 ana bi.

Sai wata kalmar da ke tafiya tare da Susi, GUT. Haruffa uku ne na kalmomin da zan fassara da gagarumar haɗaka. A Turanci gut hanji ne, a Jamusanci kuwa gut na nufin mai kyau. A CERN, cibiyar binciken Turai da ke Janeba, aka ƙirƙiro gajartawar a 1978, a wajen John Ellis da abokan aikinsa, Dimitri Nanopoulos kuma ya fara sa ta a takardar da aka buga.

Me ake haɗawa? Idan muka bi Turanci kalma da kalma za mu ce ƙarfi mai ƙarfi da ƙarfi mai rauni, harshe ya harɗe. Gara ɗaya kalmar da masanan ke amfani da ita, wadda ta yi daidai da mu'amala. Akwai mu'amalar lantarki da maganaɗisu, akwai rarraunar mu'amala, akwai ƙaƙƙarfa. A 1974 Howard Georgi da Sheldon Glashow suka ce ukun nan asalinsu ɗaya ne, suka zuba su cikin tsarin lissafi mai suna SU(5). Ba da jimawa ba aka zo da SO(10), wanda ke tattara ƙwayoyin zuriya guda, su 16, a wuri ɗaya. A lura, gagaruma aka ce, ba a ce gamammiya ba. Jan nauyi, wanda ke riƙe mu a doron ƙasa, yana waje.

Ana auna nauyi da makamashi a wannan fage da GeV. Furoton bai cika GeV 1 ba da kaɗan. G ɗin na giga ne, daga gigas, ƙato a Girkanci. Dubunsa shi ne TeV, daga teras, dodo. Haɗakar kuwa ba ta aukuwa sai a wajen GeV 1 mai sifili 15 ko 16 a bayansa. Tsakanin inda injunanmu suka kai da can, masanan suna zaton babu wani sabon abu, kuma sunan da suka ba wannan fili shi ne hamada.

Yaya za a gwada abin da ke bayan hamada? Ƙarfin kowace mu'amala yana sauyawa sannu a hankali yayin da makamashi ke hawa. A ja layi uku a takarda, a ga ko za su haɗu. Savas Dimopoulos da Georgi, da Norisuke Sakai shi ma a nasa ɓangaren, suka aurar da Susi ga SU(5) a 1981. A 1991, da ingantattun ma'aunai daga injin LEP na CERN, aka ja layukan. Ba tare da Susi ba, suka saɓa wa juna. Da aka sa tagwayen a wajen TeV 1, sai suka haɗu kusa da 2 mai sifili 16. Cikin waɗanda suka fitar da shahararren zanen har da Ugo Amaldi, ɗan Edoardo. Uba ya ƙago wutsiyar, ɗa ya kawo hujja mafi ƙarfi da masu wutsiyar suka taɓa samu.

Hujja ce, ba gani da ido ba. Gani da ido furoton ake jira ya bayar.

Rutherford ya sa masa suna a 1920, daga protos, na farko. Idan kwak da elektiron 'yan ɗaki ɗaya ne, kamar yadda haɗakar ta ce, to kwak zai iya rikiɗa, furoton da aka gina da kwak kuma ba zai dawwama ba. Turawa suna kiran wannan decay, kalmar da suke faɗa wa ruɓewar haƙori. Ban yarda da ruɓa ba, don abin da ke ruɓa da sannu yake yi, kana gani yana canza kama. Furoton ba ya tsufa. Wanda aka yi jiya da wanda ya kai shekara biliyan 13.8 damarsu ɗaya ce. Jamusawa sun ce Zerfall, faɗuwa gunduwa-gunduwa, Faransawa désintégration. Wargajewa ita ce tamu.

SU(5) na farko ya ba furoton shekaru wajen 1 mai sifili 30 ko 31. Ba wanda zai zauna jiran haka. Amma tunda sa'a ce ba tsufa ba, sai a tara furoton masu yawan gaske a zuba musu ido shekara guda. Ruwa ya fi komai araha. Aka haƙa tafki a mahaƙar gishiri a jihar Ohayo ta Amurka, gwajin IMB, aka yi wani a mahaƙar Kamioka a Japan. A 1983 IMB ya ba da sakamako: babu. SU(5) marar Susi ya faɗi.

Sunan na Japan ya fi kowanne daɗin bibiya. Kamiokande: Kamioka, sai N, D, E, haruffan farko na kalmomin da ke nufin gwajin wargajewar furoton da nutiron. Furoton bai wargaje ba. Amma ranar 23 ga Fabrairu 1987 wasu 'yan nutirino daga tauraron da ya fashe a wajen tarin taurarinmu suka ratsa tafkin, aka kama su. Masatoshi Koshiba na wannan gwajin ya samu kyautar Nobel a 2002. Da aka gina magajinsa a 1996, mai tan 50,000 na ruwa, mita 1,000 a ƙarƙashin dutse, sai aka ga haruffan nan uku suna karɓar wani karatun: gwajin gano nutirino. Rubutu bai canza ba, aiki ya ƙaru. Super ɗin da ke gaban Super-Kamiokande kuwa girman tanki yake nufi, ba shi da haɗi da na Susi.

Har yanzu yana gadin furoton. Ta hanyar da tsohon SU(5) ya fi so, wato wargajewa zuwa ƙwayoyin fositiron da fayon marar caji, rayuwar furoton ba ta gaza shekara 2.4 sau 1 mai sifili 34 ba. Susi ta tsira daga wannan, domin ta ɗaga wurin haɗakar sama, wargajewar ta yi jinkiri. Amma ta buɗe wata ƙofar. A SU(5) ƙwayar Higgs 'yan biyar ce: biyu da muka sani, uku masu tsananin nauyi. Higsinon waɗannan ukun yana iya wargaza furoton zuwa ƙwayar K mai caji da kishiyar nutirino. Nan ma Super-Kamiokande ya ce bai gaza shekara 5.9 sau 1 mai sifili 33 ba. A 2002 Hitoshi Murayama da Aaron Pierce suka nuna cewa mafi sauƙin SU(5) mai Susi ba zai iya jure irin wannan adadi ba.

A dubi yadda kowane sakamako ke fita: bai gaza kaza ba. Wannan shi ne nahawun fagen gaba ɗaya. Turawa suna da kalmomi biyu, limit da constraint. Ta farko iyaka ce, layin da ke raba gona da gona. Ta biyu daga constringere take, ɗaurewa tam. Dabaibayi ya fi dacewa da ita, a ganina, don abin da aka yi wa dabaibayi bai mutu ba, tafiyarsa ce ta taƙaita.

Akwai kuma kalmar da masu kanun labari ke yawan tsallakewa: minimal, mafi ƙarancin kaya. Abin da gwaji ke korewa kusan kullum shi ne samfurin da ba a ƙara masa komai ba. A ƙara ƙwayoyi, ko a ɗaga nauyin tagwaye, sai lissafi ya sake buɗewa, kuma an yi hakan ga SU(5) bayan 2002. Wanda ya ce Susi ta mutu ya wuce abin da aka auna. Wanda ya ce ba abin da ya same ta shi ma bai faɗi gaskiya ba, domin kowane ƙari yana rage kyan da ya sa aka so ta.

Kyan kuwa ga shi. Idan akwai abubuwa masu nauyin 1 mai sifili 16, lissafi yana jan nauyin Higgs zuwa can. Gudummawar gidan Fermi da ta gidan Bose alamominsu kishiyoyi ne, don haka tagwaye suna soke juna, Higgs ta zauna da sauƙinta. Sokewar tana aiki sosai ne idan tagwayen ba su yi nisa da juna a nauyi ba.

Ranar 4 ga Yuli 2012 injin LHC, mai kewayen kilomita 27, ya gano Higgs a GeV 125. A mafi sauƙin Susi, lissafin farko bai yarda ta wuce nauyin ƙwayar Z ba, GeV 91. Ragowar sai stop ya cika, kuma sai ya yi nauyi kafin ya iya. Neman kai tsaye ma haka ya nuna: a sauƙaƙan samfura stop ya haura TeV 1, guluwino ya haura TeV 2. Wato guluwino, mai wutsiyar ƙanƙantawa, idan yana nan ya ninka furoton fiye da sau 2,000, ya ninka ƙwayar yuraniyom ɗungurungum kusan sau tara. Da Ba'italiye zai sake raɗa suna yau, -one zai sa.

Sama ma tana da nata dabaibayin, kuma ya fi na injuna tsufa.

Karya maganaɗisu gida biyu, kowane gutsure zai fito da kai biyu, arewa da kudu. A 1974 Gerard 't Hooft da Alexander Polyakov suka nuna cewa gagarumar haɗaka tana haifar da mai kai ɗaya tilo, monopol. A 1979 John Preskill ya lissafa yawan da zafin farkon halitta zai bari, ya ga da haka ne da nauyinsu ya rinjayi komai. Ba a ga ko ɗaya ba, in ban da alama guda da na'urar Blas Cabrera ta nuna a Stanford ranar 14 ga Fabrairu 1982, wadda ba ta sake maimaituwa ba. Neman mafita daga matsalar yawan monopol ne ya kai Alan Guth ga ra'ayin da ya buga a 1981: sararin samaniya ya yi wata irin buɗewa cikin ƙiftawar ido, monopol suka warwatsu har suka yi wuyar samu. Ya kira shi inflation, kalmar da a lokacin ke bakin kowa a Amurka saboda tsadar kaya. Mu mun riga mun fassara ta da hauhawar farashi, wanda ba zai yi aiki a nan ba. Asalinta inflare, hura iska cikin abu. Kumbura ta fi.

Bayan kumburar sai sarari ya sake ɗaukar zafi, a nan kuma girabitino ke kawo cikas. Mu'amalarsa ta jan nauyi ce kawai, mai rauni ainun, don haka yana daɗewa bai wargaje ba. Idan ya wargaje bayan mintunan farko, lokacin da aka riga aka ƙera hiliyom da ditiriyom da litiyom, zai farfasa su, adadin da masu duban taurari ke aunawa kuma ya ɓaci. Dole zafin ya zama bai kai yadda zai haifi girabitino da yawa ba. Amma bayanin da Fukugita da Yanagida suka kawo a 1986, na dalilin da ya sa abu ya rinjayi kishiyarsa, a mafi sauƙin sigarsa yana bukatar zafin da ya kai GeV biliyan 1. Ɗaya na cewa kada ka wuce nan, ɗaya na cewa kada ka gaza nan, kuma a samfura da yawa babu fili tsakaninsu.

Sai abin da Fritz Zwicky ya kira dunkle Materie a 1933, yana duban tarin taurarin Coma. Kusan kashi 27 cikin 100 na abin da ke sararin samaniya ne, bisa awon tauraron ɗan'adam na Planck. A ce baƙin abu? Baƙi yana shanye haske, wannan kuwa haske ratsa shi yake yi kamar ba ya nan. Duhu ma rashin haske ne. Ɓoyayyen abu ya fi gaskiya.

Susi ta ba da ɗan takara ba tare da ta nufa ba. Don a hana furoton wargajewa nan take, an sa wata doka, wadda Glennys Farrar da Fayet suka tsara a 1978, cewa tagwayen bibbiyu ake yin su, bibbiyu suke ɓacewa. Sakamakon haka mafi sauƙin nauyi a cikinsu ba shi da abin da zai wargaje ya zama, sai ya dawwama. Shi ne nutiralino, gaurayen bino da wino da higsino. Dokar da ta kare furoton ita ce ta cika sarari da shi.

Adadin Planck ya matse shi sosai. Idan bino ne zalla, yawanci yakan yi yawa fiye da kima. Idan higsino ne, sai ya kai wajen TeV 1.1 lissafi ke fita. Idan wino ne, kusan TeV 3. Irin waɗannan ƙwayoyi ana kiransu WIMP, gajartawar da ta zo daidai da kalmar Turanci ta rago, saboda raunin mu'amalarsu.

Ana dakonsu a ƙarƙashin ƙasa da ruwan zenon: LZ a tsohuwar mahaƙar zinariya a Dakota ta Kudu, XENONnT a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya, PandaX a Jinping ta Sin. Zenon daga xenos yake, baƙo. A rubutunmu na boko baƙi launi da baƙi jam'in baƙo haruffansu ɗaya, murya ce ke raba su. Har yanzu tankunan ba su karɓi baƙon ba, kuma sun kore yawancin nutiralino masu gauraye sosai. Higsino kusan zalla yana cikin waɗanda suka rage.

Kan furoton ma ba a tashi ba. Ƙwayar K da ke fita daga wargajewarsa ba ta da saurin da za ta haska a ruwa, sai dai a gane ta daga abin da ta bari. Shi ya sa ake sa rai ga JUNO a kudancin Sin, mai tan 20,000 na wani ruwa da ke walƙiya idan ƙwaya ta ratsa shi, da DUNE a Amurka, wanda zai yi aiki da ruwan argon, daga argos, malalaci, don ba ya haɗuwa da komai. A Kamioka kuwa ana gina na uku, mai tan 260,000 na ruwa, da burin kai awon hanyar fositiron zuwa shekara 1 mai sifili 35, inda samfuran haɗaka da yawa ke sa ran ganin wani abu. Da aka zo sa masa suna an riga an kashe super, sai aka koma Girkanci aka ɗauko hyper. Kalmomin biyu tushensu ɗaya, kuma dukansu bisa suke nufi.